Idon da ke Jikin Fasta

Ranar da aka kawo fastocin tallan waƙa gidanmu, har masu haya na can baya sai da suka fito kallo. An sauke su ɗauri-ɗauri a tsakar gida suna ƙamshin sabuwar tawada. Mai Amo, mawaƙin gidan, ya ari almakashina ya yanke igiyar ɗauri ɗaya, ya zaro guda ya ɗaga sama. Ga shi nan a jiki cikin fararen kaya ya durƙusa, ga ubansa zaune bisa kujerar katako riƙe da sanda, cikin wata koɗaɗɗiyar riga. An matso da fuskar tsohon har ta cinye rabin takardar, kuma ta duk inda ka tsaya, idonsa na dama ne zai fara kama ka: fari fat a tsakiya, kamar an ɗiga masa madara. A ƙasa an rubuta sunan waƙar da manyan baƙaƙe, NI NE IDONKA.

Ni tela ce. Shagona yana jikin gidan, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Rigar da ke jikin tsohon ma ni na ɗinka ta. Sabon yadi ne, aka sa na jiƙa shi a ruwan shayi, na goge wuyan da dutse, na ɗora faci a kafaɗa, wai rigunansa na gaske ba su yi kama da na mai shan wahala ba.

Baba Mai Fenti ake ce wa tsohon. Allunan shaguna ya yi ta rubutawa da hannu har injin buga takarda ya zo ya ƙwace sana'ar. Idonsa na hagu ya mutu tun yana da ƙarfinsa, ƙusa ce ta yi tsalle ta same shi. Na daman kuwa yanar ido ce ta rufe shi, amma ba ta gama da shi ba. Yana bambance rana da inuwa, yana gane inda ƙofa take, in na shanya jan yadi a igiya yakan ce, "Tela, yau ja aka kawo miki." Likita ya duba shi ya ce yanar ta nuna, aikin ba wani babba ba ne. Ya ba da rana, ya kuma ja kunne kada a wuce ta, don yanar ta soma kumbura tana matse cikin idon.

Aka miƙa wa Baba fastar. Ya kai ta dab da hancinsa, ya juya wajen rana, ya daɗe yana karkata kai.

"Shuɗin ya yi yawa," in ji shi. "Bari dai a buɗe mini idon nan, in duba aikin yaran zamani da kyau. Ke ma Tela, allon shagonki ya koɗe, shi zan fara taɓawa."

Aka yi dariya. Yana cikin farin ciki ranar, har waƙar ɗan nasa ya riƙa bi ƙasa-ƙasa.

Ana gobe za a kai shi asibiti Darakta ya zo, wanda zai ɗauki bidiyon waƙar. Wani siriri ne mai yawan duba waya, ba ya gaishe da mutum sai ya gama kallon hasken da ke bayansa. Ya kafa fasta ɗaya a bango, ya sa aka fito da Baba aka zaunar bisa kujerar, ya riƙa duban takarda yana duban mutum kamar mai tayin rago.

"Gemun nan kada ya ƙaru, kada ya ragu," in ji shi. "Sandar nan a adana ta, a ba shi wata ya riƙa dogarawa. Bangon nan kada wanda ya shafa masa ko farar ƙasa, tsagewar nan ta fito a fasta. Anti Tela, rigar tana hannunki, ko wanki ban yarda ba. Abin da mutane suka gani a titi shi za su gani a bidiyo, in ba haka ba a ce mu 'yan koyo ne."

Matar Mai Amo tana tsaye da tiren ruwa. Ta ce, "To ai gobe ne aikin idon. Ko bandejin zai daɗe?"

Darakta ya sauke wayarsa. "Wane aiki?"

Aka yi masa bayani. Ya ja Mai Amo gefe, amma gefen bakin ƙofar shagona ne, kuma ni ba kurma ba ce.

"Oga, in aka cire yanar nan idon baƙi zai koma, irin nawa da naka. Idon nan shi ne fastar. An manna shi a kowace kwana, yana kan allon talla na babban titi, yana kan riguna, yana kan kalanda. Sai bidiyo ya fito da tsoho yana ƙyafta ido garau? Cewa za a yi ƙarya ka shirya, makantar ma ta haya ce. Ka san bakin mutane a waya."

"To yaushe za mu ɗauka?"

"Mako mai zuwa, in Allah ya so. Yini ɗaya ne mun gama."

Mai Amo ya je ya durƙusa gaban ubansa. Ya iya durƙuso, wannan kam ba a ƙwace masa.

"Baba, 'yan kwanaki ne kawai. Yanar da ta yi shekaru ai mako guda ba zai gagare ta ba. Ana gama ɗauka ni da kaina zan kai ka, ba ma wannan asibitin ba, wanda ya fi shi."

Baba ya murza gwiwarsa. "Likita fa ya ce kada a wuce ranar."

"Haka suke gaya wa kowa, don kada layi ya rikice musu."

"To," in ji Baba. "Allah ya kai mu."

Na kasa haɗiye tawa. Na ce, "Ido fa ba riga ba ne da za a rataye a ƙusa a ce sai an dawo."

Mai Amo ya yi dariya. "Anti ke nan. Ba a raba ki da magana."

Mako mai zuwa ya zo, mai kyamara ya tafi wani aiki a wani gari. Da ya dawo, Darakta ya ce sararin sama ya yi duhun hadari, a fasta kuwa rana ce tarwai, dole a jira. Da hadari ya wuce, kamfanin lemon da ya ɗauki nauyin waƙar ya ce a dakata sai sabuwar kwalbarsu ta fito, don ita ce a kusurwar fastar. Da kwalba ta fito, Mai Amo ya yi mura, hancinsa ya kumbura, shi ma bai yi kama da hotonsa ba. Asibiti suka sake ba da rana, matar gidan ta amsa wayar ta ce Baba ya yi tafiya. Yana zaune a bayanta lokacin, yana jiƙa burodi a shayi.

A gidan nan babu abin da ba a kula da shi ba. Rigar tana shagona cikin leda, an zuba mata maganin asu. Sandar tana saman kabad an naɗe ta da tsumma. Kujerar katakon an hana kowa zama a kai, har shi Baban, kada ƙafarta ta goce. Mai aski yakan zo a kai a kai, ya ɗora fasta a cinyarsa, ya yi ta tsinke gemun tsohon yana gwadawa da hoto, Mai Amo na tsaye yana cewa, "Nan ɓangaren ya ɗara kaɗan." Wata rana Baba ya ce a rage masa gemun sosai, zafi yake sa shi ƙaiƙayi. Aka ce ya yi haƙuri.

Waƙar kuwa ta riga bidiyon fita, ta kama gari. Masu shayi ita, masu gyaran waya ita, motocin haya ita. Mata sukan zo kawo ɗinki su leƙa tsakar gida su ce, "Wannan ne uban? Allah sarki. Allah ya ba mu 'ya'ya masu jin ƙanmu irin wannan yaro." Ni dai sai in cika bakina da fil, don in na buɗe shi ba alheri zai fito ba. A rediyo na ji Mai Amo da kunnena yana cewa shi ne ke riƙe hannun mahaifinsa duk inda zai je. A daidai lokacin tsohon yana lallaba bango da tafin hannu zuwa banɗaki, ya yi karo da bokiti, ruwa ya jiƙe masa wando. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Na lura ya daina faɗin launin abin da na shanya. Da gangan na baza wani jan atamfa mai ɗaukar ido a igiyar da ke gabansa, na yi ta kakkaɓe shi. Bai ce komai ba. Na ce, "Baba, ba ku yaba yadin nan ba."

"Wane iri ne?"

"Ja ne."

"Yau idon ya tashi da hazo," in ji shi. "Kamar an tura shi daga ciki."

Daga nan ciwon kai ya soma. Gefe ɗaya yake kama shi, daga gira zuwa ƙeya. Idon ya yi ja, yana zubar da ruwa, fatar sama ta yi nauyi. Tsohon da ba ya zama sai a rana ya koma ƙuryar ɗaki ya juya wa taga baya. Aka kai masa abinci ya ci loma biyu ya amayar.

Na sami matar Mai Amo a kicin. Ba muguwa ba ce, ita ke dafa masa, ita ke wanke masa kaya. Irin mutanen nan ne da in gida na cin wuta za su ce bari maigida ya dawo a ji ta bakinsa.

"Ba ki ga idon surukinki ba?"

"Na gani, Anti. Ni me zan yi? Matar ɗa ce ni, ba 'yar gida ba. In na matsa a ce ina so in ɓata wa mijina aiki. Ciwon ido ai sai haƙuri."

"Haƙurin wa? Ke ce ke jin zafin?"

Ta ci gaba da yanka albasa. "Ya ce saura kaɗan."

Da maraice Mai Amo ya dawo, na tare shi tun bai kashe mota ba. Ya shiga ya duba uban, ya fito fuskarsa a ɗaure, har na ce yau kam Allah ya taɓa zuciyarsa. Ya ciro waya ya kira Darakta.

"Akwai matsala. Idon ya yi ja. A fasta gefen fari ne tas."

Ya koma mota ya nufi kemis. Ya dawo da maganin ɗigawa, wanda mai kemis ya ce yana kashe jan ido, da ƙwayoyin ciwon kai. Aka riƙa ɗiga wa Baba safe da yamma, kowane ɗigo sai ya damƙe gefen katifa. In an gama, Mai Amo ya buɗe fatar idon da yatsa, ya haska fitilar waya, ya ɗauki hoto ya tura wa Darakta.

"Anti, kina kallona kamar wani azzalumi," ya ce mini. "Duk wannan wahalar don wa nake yi? In bidiyon nan ya fito yadda ake so, Baba ya huta har ƙarshen rayuwarsa. Sunansa zai shiga duniya. Wane mai rubutun allo ne fuskarsa ta hau babban titi?"

"Ka tambaye shi, titi yake so ko ganin hanyar banɗaki?"

"Shi ya ce to. Kina wurin."

Ina wurin kam. Na kuma san irin to ɗin da uba ke cewa in a gidan ɗansa yake ci yake kwana.

Wata safiya na ji nishinsa har cikin ƙarar kekena. Na ajiye ɗinkin, na yafa mayafi, na shiga ɗakin. Yana durƙushe ya kifa goshi a katifa.

"Baba, ku tashi mu je asibiti."

"Yaron ya sani?"

"Zai sani in mun dawo."

"Kada in ɓata masa aiki, 'yata. An buga takardu da yawa."

"Dubawa kawai za a yi. Ku tashi."

Ciwo ya fi ƙarfin kunya, ya tashi. Na sa masa takalmi, na riƙe hannunsa. Matar gidan ta gan mu ta shige ɗaki, na ji tana magana a waya. Mun fita ƙofar gida, muna tsaye bakin titi ina tsayar da abin hawa, sai ga motar Mai Amo ta sha kwana. Ashe bai yi nisa ba. Ya fito bai ko rufe ƙofa ba.

"Ina za ki kai shi?"

"Inda ya kamata ka kai shi tun tuni."

"In suka gan shi riƙe shi za su yi, su yanka. Jibi za mu ɗauka, an gama shirya komai." Ya sassauta murya don masu shaguna sun soma leƙowa. "Anti, ina ganin girmanki. Amma ubanki ne ko nawa?"

Gaskiya ce mai ɗaci: nasa ne. Ya zare hannun tsohon daga nawa, ya rungumo kafaɗarsa, ya juya da shi a hankali. Wani mai wucewa ya gane su, ya ɗaga waya yana ɗauka yana cewa, "Kai, ga su nan kamar a fasta." Mai Amo ya yi masa murmushi.

"Mu koma, Tela," in ji Baba ba tare da ya juyo ba. "Jibi ai kamar yau ne."

Jibin nan sai da ta haifi wata jibin, amma a ƙarshe ranar ta zo. Tun da hantsi aka cika tsakar gida da wayoyin lantarki da ƙarafa. Aka kafa fastar a kan wani katako kusa da kyamara. Na kawo rigar na sa wa Baba da hannuna. Ya rame, wuyan ya yi masa yawa, Darakta ya sa na kama bayan da fil don kafaɗar ta zauna yadda take a hoto. Aka sauko da sanda, aka kawo kujera, aka auna tazararta da tsagewar bango. Baba ya zauna. Kwana biyun nan ya daina nishi, ya ce zafin ya lafa, har matar gidan tana cewa maganin kemis ya yi aiki.

Aka kunna wata babbar fitila dab da fuskarsa, irin wadda ko mai lafiya sai ya kare ido da hannu. Mu da ke gefe duk muka runtse.

"Baba, a kalli fitilar," in ji Darakta.

Baba ya ɗaga kai ya juya wajen muryar.

"Ba ni ba, fitilar. Inda hasken yake."

"To," in ji Baba. "In kun kunna ku gaya mini."

Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar janareta. Gumi yana tsattsafowa a goshin tsohon saboda zafin fitilar, idonsa a buɗe yana fuskantarta, ko ƙyaftawa bai yi ba. 

Mai Amo ya ce, "Gajiya ce. Bai yi barci sosai ba."

Darakta ya matso ya leƙa idon, ya koma ya leƙa fasta, ya yi tsaki. Abin da ya dame shi daban. Farin da ke tsakiya ya dushe ya koma toka-toka, gefen ya yi jajir, fatar ta sauko rabi.

"Wannan bai yi daidai ba ko kaɗan," in ji shi. Ya yi ɗan tunani, ya kaɗa kafaɗa. "Ba komai, mu ɗauka haka. In mun je situdiyo sai a ɗauko idon da ke hoton fasta a ɗora masa a kwamfuta."

Na ce, "Me ka ce?"

"A kwamfuta, Anti. Za a liƙa masa wancan."

"Dama ana iya haka?"

"Ana iyawa mana. Wahala ce dai, sai an bi hoton ɗaya bayan ɗaya, yaran sai su yi kwanaki a kai. Na gaske ya fi sauƙi."

Na dubi Mai Amo. Ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ban san ko ya san da haka tun farko ba, ban kuma damu in sani ba. Wanda zai jinkirta idon ubansa, ai ya tambaya ko da wata hanya.

Baba ya ji komai. Ya gyara riƙon sandarsa.

"A zamaninmu," in ji shi a hankali, "in hoto bai yi kama da mutum ba, hoton ake gyarawa."

Darakta ya tafa hannu, aka saki waƙar a lasifika. Mai Amo ya shafa man zafi a ƙasan idanunsa don su kawo ruwa, ya durƙusa, ya riƙa motsa baki yana bin muryarsa. Baba kuwa ba ya bukatar man zafi, idon da kansa yake zuba. Darakta ya ga haka ya ce wa mai kyamara, "Matso, matso, kada hawayen nan ya wuce mu." Aka maimaita har rana ta karkata. Ni na koma shago na rufe ƙofar tsakar gida, na zauna gaban keke ban taka ba.

Washegari Mai Amo ya cika alkawari, ya kai shi asibiti, wancan dai na farko. Na bi su ba tare da an gayyace ni ba. Likitan ya haska idon, ya danna, ya sake haskawa, ya ajiye fitilarsa.

"Ina kuka kai shi tun ranar da na ba ku?"

"Wasu 'yan uzurori ne suka taso, likita."

"Yanar ta toshe hanyar ruwan idon, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani har ta mutu. Lafawar zafin da kuka gani ke nan. Da kun zo ko a makon da ya fara ciwon kai, da an ceci wani abu. Yanzu abin da zan iya shi ne in hana shi ciwo."

"Ko a wani asibitin? Ko a ƙasar waje?"

"Ko ina ka kai shi. Jijiyar da ta mutu ba ta tashi."

Mai Amo ya yi kuka a barandar asibitin, kuka na gaske, ban hana shi wannan ba. Kafin mu iso gida kukan ya zama ƙaddara. Haka ya gaya wa matarsa, haka ita ma ta gaya wa maƙwabta: Allah ya riga ya rubuta, likitoci sun yi iya yinsu. Har wani ya ce ai waƙar ma ilhama ce, yaron ya hango abin da ke tafe.

Ƙaddara tana da faɗin baya, kowa ya ɗebo kayansa sai ya ɗora mata. Amma ni na ga ranar da aka ba da, na ga wanda ya ɗaga ta, na ga dalilin. Ba duka aka yi wa tsohon nan ba, ba zagi, ba a hana shi abinci ba. Da ladabi aka yi masa, ana durƙusawa, ana cewa Baba. An samu mai tsaron riga, mai tsaron gemu, mai tsaron tsagewar bango, idon da ya rage masa a duniya ne kaɗai bai sami mai tsaro ba. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau, kuma ba na jin zai daina.

Bidiyon ya fito. Aka shirya taron ƙaddamarwa a wani babban zaure, da 'yan jarida da masu kamfanin lemo. Tun azahar Baba ya yi wanka, ya sa na goge masa rigarsa ta gaske, mai aikin zare a wuya. Ya sa baƙin gilashin da likita ya ba shi, don idon ya shige ciki, fatar ta rufe shi. Ya zauna bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa, yana jin masu shiga da fita.

Mai Amo ya fito cikin fararen kayan fasta, yana ƙamshin turare. Ya ga uban ya tsaya.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Ba yau ne taron ba?"

Mai Amo ya dubi matarsa, ta dubi jakarta. Ya durƙusa.

"Baba, wurin hayaniya ne, ga matakala. Kuma ka ga an kafa manyan hotuna ko'ina a zauren. In mutane suka gan ka da gilashi za su ce a cire, in an cire kuma za a yi ta tambaya. Ka huta abinka, zan sa a yi maka addu'a daga kan dandamali."

"To," in ji Baba.

Motar ta tashi. Ya daɗe zaune yadda suka bar shi, sannan ya sunkuya ya cire takalman, ya jera su gefen ƙafarsa. Na kawo masa ruwa na zauna a dakalin kusa da shi. Can sai ga bidiyon ya shigo wayata, wata mai kawo ɗinki ta turo mini. Na so in kashe, amma ya riga ya ji farkon kiɗan.

"Shi ne?"

"Shi ne, Baba."

"Bar shi ya yi."

Na riƙe wayar muka saurara, ni ina kallo. Ga riga, ga sanda, ga gemu, ga tsagewar bango. Ga idon nan fari fat, tas da shi, yana bin fuskar duk inda ta juya, ba mai cewa liƙa shi aka yi. Da waƙar ta ƙare ya juyo wajena.

"Tela, tsakaninki da Allah. Ya yi daidai da fastar?"

"Ya yi, Baba. Ba bambanci ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai, ya lalubo kofin ruwan ya riƙe da hannu biyu.

"To madalla," in ji shi. "Da ba a yi asara biyu ba."